Baseball Savant da Matashin Mai Jifa: Abin da Shafin Yake Aunawa da Inda Ma'auninsa Ya Tsaya

Yanke hukunci a kan matashin mai jifa a ƙananan gasannin besbol na Amurka ya daɗe yana kama da cinikin biri a sama, domin mai sha'awar wasan da ba ya aiki da wani kulob ba shi da abin dubawa sai sakamakon wasa da kuma bakin waɗanda suka je fili suka gani da idonsu. Shafin Baseball Savant ya sauya wannan lamari sosai tun da ya buɗe wa jama'a bayanan ƙananan gasanni, kuma bayan na shafe kakar wasa guda ina amfani da shi wajen bin sawun masu jifa da ba su kai ga babbar gasa ba, ina ganin ya cancanci a yi masa bita ta adalci. A taƙaice, shafin gwani ne wajen faɗa maka abin da ƙwallo take yi bayan ta bar hannu, yana yin haka kyauta ba tare da rajista ba, amma yakan ɓace maka a daidai matakan da ake tankaɗe matasa a rairaye su.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu mai nisan ƙafa 60 da inci 6 daga farantin da mai bugu yake tsaye a gefensa, kuma akwai wata taga da ba a zana ta a ƙasa ba, mai faɗin farantin, wato inci 17, wadda tsayinta ya tashi daga gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa. Idan ƙwallo ta ratsa tagar ba a buga ba, ko mai bugu ya kai mata sanda ya kuskure, an ci mai bugun sau ɗaya, idan aka yi haka sau uku an kore shi. Idan kuma mai jifa ya saɓa wa tagar sau huɗu, mai bugu ya wuce zuwa tashar farko kyauta. Ƙimar mai jifa tana rataye ne a kan yawan waɗanda yake kora, da ƙarancin waɗanda yake bari su wuce kyauta, da kuma irin bugun da ake yi wa ƙwallonsa idan an same ta.

Daren Willman ne ya gina shafin da farko don sha'awar kansa, daga baya hukumar babbar gasa ta MLB ta ɗauke shi aiki, shafin ya zama ƙofar da jama'a ke shiga su ga bayanan Statcast, tsarin MLB na auna motsin ƙwallo da na 'yan wasa a fili. An kafa na'urorin Statcast a dukkan filayen babbar gasa 30 a shekarar 2015, kuma a 2020 aka koma amfani da kyamarorin Hawk-Eye, waɗanda suke bin ƙwallo daga yatsun mai jifa har zuwa safar mai cafke ta. Ɓangaren ƙananan gasanni ya ƙunshi dukkan wasannin Triple-A, matakin da ke dab da babbar gasa, daga kakar 2023, da wasannin Pacific Coast League, ɗaya daga gasannin wannan mataki, da waɗanda kulob ɗin Charlotte ya buga a gida a 2022, sai kuma Florida State League, gasar matakin Single-A da ke can ƙasa, daga 2021. Dalilin wannan zaɓe ba ɓoyayye ba ne: a waɗannan gasanni ne aka riƙa gwada na'urar da ke yanke hukuncin ko ƙwallo ta ratsa taga, kuma na'urar ba ta aiki sai da kyamarorin. Wato bayanan da muke mora sun zo ne a matsayin ribar ƙafa daga wani gwaji dabam.

Sashen bincike shi ne zuciyar shafin, kuma ganin farko yana iya firgita mutum, saboda akwatunan zaɓi sun cika fuskar kwamfuta, kowanne da abin da yake tacewa: irin jifa, hannun mai bugu, yawan kuskuren da ke kan kowa a lokacin, zangon wasa (cikakken wasa yakan kasu zango tara), filin da aka buga, kwanan wata. Bayan kwana biyu ko uku hannu yakan faɗa. Abin da na fi yi shi ne in zaɓi mai jifa guda, in ware jifansa iri-iri, in nemi matsakaicin gudu da juyi da karkata, sannan in sauke dukkan bayanan zuwa kwamfutata, inda kowane jifa guda yake da layinsa. A nan akwai wani ɗan tarko da ya kamata sabon shiga ya sani: a cikin fayil ɗin da ake saukewa, ginshiƙan da ke nuna karkatar ƙwallo, wato pfx_x da pfx_z, da ƙafa aka rubuta su, alhali masana suna magana da inci. Sai an ninka da 12 kafin lambar ta yi ma'ana. Wanda ya ga 1.4 a ginshiƙin pfx_z bai kamata ya ce ƙwallon ba ta motsi ba, domin wannan inci 17 ne saura kaɗan, wanda ya ɗan haura matsakaici.

Gudu shi ne abin da kowa yake fara dubawa, kuma ba laifi ba ne. Matsakaicin miƙaƙƙen jifa, wato jifan da ya fi sauri, a babbar gasa ya kai kimanin mil 94 a awa, ƙwallon tana isa farantin cikin kusan kashi huɗu bisa goma na daƙiƙa, saboda haka matashi mai jifa da hannun dama wanda bai wuce mil 90 ba yana da tudu a gabansa. Amma inda shafin ya fi burge ni shi ne yadda yake nuna cewa mil 94 na wani ba ɗaya ba ne da mil 94 na wani. Ƙwallon da aka saki tana juyawa da baya takan ƙi faɗuwa yadda nauyinta ya kamata ya ja ta, kuma ana auna wannan turjiya da inci. Matsakaici yana wajen inci 16, wanda ya kai 19 ko 20 kuwa masu bugu sukan riƙa kai sanda a ƙarƙashin ƙwallonsa, suna rantsuwa cewa tashi take yi, ko da yake ba tashi take ba, idonsu ne ya yi tsammanin za ta sauka fiye da haka. Sai kuma batun miƙa jiki: akasarin masu jifa suna sakin ƙwallo bayan sun matso gaba da kimanin ƙafa shida da ɗan ɗori, amma dogon yaro mai faɗin taku yana iya kaiwa ƙafa bakwai, kuma kowace ƙafa guda da ya rage a tazarar tana sa ƙwallon ta zama kamar an ƙara mata mil ɗaya da rabi ko fiye a idon mai bugu. Haka nan tsayin wurin da ake sakin ƙwallon yana da tasiri, domin wanda yake saki daga ƙasa-ƙasa ya nufi saman taga yana aiko ƙwallon a shimfiɗe, a wata kusurwa da sanda ba ta saba haɗuwa da ita ba. Shekaru goma sha biyar da suka wuce babu ɗan kallon da zai iya sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan game da yaron da ke jifa a Bradenton ko Lakeland, garuruwan Florida State League, yanzu kuwa minti biyar sun isa.

Paul Skenes misali ne mai kyau na abin da shafin yake iya yi. Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2023 daga jami'ar LSU, kuma duk da gudun jifansa, wasu masu nazari sun yi ta ƙorafi cewa miƙaƙƙen jifansa ba shi da wannan turjiyar ta sama, ya fi karkata gefe saboda yadda yake sauke kafaɗa. Da ya fara kakar 2024 a Indianapolis, a matakin Triple-A, kowa ya samu damar dubawa da kansa. Ya buga wasa bakwai, ya kori masu bugu 45 a zango 27 da kashi ɗaya bisa uku, makin da ake ci a kansa bai kai ɗaya ba a kowane zango tara. Abin da ya fi wannan sakamako muhimmanci shi ne abin da layukan bayanan suka nuna: miƙaƙƙen jifan yana kusa da mil 100, kuma ga wani sabon jifa da ya ɓullo da shi, mai gudun kimanin mil 94 da ke nitsewa ƙasa a ƙarshen tafiyarsa, wanda bai dogara da shi ba a jami'a. Wannan jifa ne ya rufe bakin masu ƙorafi, domin ya ba shi abin da zai haɗa da miƙaƙƙen. Ya shiga babbar gasa ranar 11 ga Mayu, 2024, ya gama shekarar a matsayin gwarzon sababbin 'yan wasa na National League, ɗaya daga ɓangarori biyu na babbar gasa. Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya, Skenes ba ya buƙatar na'ura kafin a gane shi. Amfanin shafin ya fi fitowa a kan yaron da aka ɗauka a zagaye na goma sha biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda babu mai ambaton sunansa, amma jifansa na lanƙwasa yana da juyin da ya fi na manya da yawa.

Dalilin da ya sa nake fifita waɗannan ma'aunai a kan sakamakon wasa yana da tushe. Tun a 2001 Voros McCracken ya nuna cewa da zarar an bugi ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan ko za ta zama nasarar mai bugu kaɗan ne, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari na irin waɗannan ƙwallaye sukan zama nasarar mai bugu, ko wane ne ya jefa. A ƙananan gasanni abin ya fi muni, domin masu tsaron bayan mai jifa su ma koyo suke yi, filayen kuma ba duka ne suke da laushi iri ɗaya ba. Yaro yana iya yin jifa mai kyau wata guda, lissafin makinsa ya yi muni saboda ɗan tsaron tsakiya bai iya kai hannu ba. Nazarin Russell Carleton ya nuna cewa yawan kora yakan fara zama abin dogaro bayan an fuskanci masu bugu kimanin 70, yawan wucewa kyauta kuma sai wajen 170, alhali gudu da juyi da karkata suna bayyana gaskiyarsu cikin wasa ɗaya ko biyu. Ga matashin da kulob ɗinsa yake taƙaita masa jifa zuwa zango uku ko huɗu a mako, wannan bambanci ne mai girma.

Akwai abin da shafin yake bari wa mai amfani ya gyara da kansa, kuma wanda bai gyara ba zai zalunci wasu yara. Filayen Pacific Coast League da dama suna kan tudu, Albuquerque ta haura ƙafa 5,000 daga matakin teku, Reno da Salt Lake ma ba su yi nisa da haka ba, kuma a siririyar iska ƙwallo ba ta lanƙwasa yadda ta saba, idan an buge ta kuma takan yi nisa. Lambobin da ke shafin ɗanyu ne, abin da kyamara ta gani a ranar. Saboda haka na koyi raba wasannin gida da na waje kafin in ce jifan wani ya mutu. Florida State League kuwa akasin haka take, filayenta na kusa da matakin teku ne, manya ne kuma, domin yawancinsu filayen atisayen manyan kulob ne na bazara, don haka mai jifa yakan fito da kyan gani fiye da yadda yake. Sunayen jifa ma na'ura ce take raɗa su, kuma matashin da yake gwada sabon riƙo a tsakiyar kaka yana iya samun jifa iri biyu a ƙarƙashin suna guda, matsakaicin da zai fito ya zama na wani jifa da bai taɓa jefawa ba. Maganin wannan shi ne a zana kowane jifa a kan taswirar karkata a ga ko tsibi ɗaya ne ko biyu.

Babban giɓin shi ne na matakai. Tun sake fasalin 2021, ƙananan gasanni suna da kulob 120 a matakai huɗu, talatin a kowane mataki: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A. Shafin yana rufe talatin na Triple-A da goma na Florida State League, wato kashi ɗaya bisa uku. Babu High-A ko kaɗan, babu Double-A, babu California League da Carolina League. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin mutanen wasan sun daɗe suna ɗaukar Double-A a matsayin ainihin gwaji, inda mai jifa yake fara haɗuwa da masu bugun da ba sa bin ƙwallon da ta faɗi a turɓaya, kuma kulob da yawa sukan ɗauko fitattun yaransu daga can kai tsaye ko bayan ɗan taƙaitaccen zama a Triple-A. Sakamakon haka sai ka ga yaro yana ɗan shekara 19 a Clearwater ko Jupiter da ke Florida, ka san komai game da jifansa, sannan ya ɓace maka shekara biyu cur, ya sake bayyana yana ɗan 22 da jiki dabam da jifa dabam. Wanda kulob ɗinsa ba shi da reshe a Florida kuwa da wuya ka gan shi sai ya iso mataki na ƙarshe, sai fa ɗan abin da za a tsinta idan an gayyace shi wasan baje kolin matasa na tsakiyar kaka. Kulob-kulob suna da na'urorinsu a waɗancan filaye, bayanan dai ba na jama'a ba ne.

Giɓi na biyu ya fi wuyar cikewa, domin ya shafi saiti. Shafin yana nuna inda ƙwallo ta ratsa, daidai da inci, amma ba ya nuna inda mai cafke ya ajiye safarsa. Jifan da ya sauka a kusurwar ƙasa ta waje yana iya zama gwaninta, yana kuma iya zama kuskuren da aka yi sa'a, idan an nufi ciki ne. Tarihin wasan cike yake da masu hannun wuta da ba su san inda ƙwallonsu za ta ba, kuma babu wanda ya kai Steve Dalkowski, wanda a 1960 a Stockton ya kori mutum 262 ya kuma bar mutum 262 suka wuce kyauta a zango 170, bai taɓa jifa a babbar gasa ba. Da a ce akwai Hawk-Eye a zamaninsa, da lambobin gudunsa sun haukata kowa. Yawan wucewa kyauta yana ba da haske, amma shi ma sai an yi hattara, domin girman tagar da na'ura ke amfani da ita a Triple-A ya sha sauyawa daga kaka zuwa kaka, kuma a 2023 da aka matse samanta wucewa kyauta ya ƙaru a duk matakin. Abin da na ga yana aiki shi ne in buɗe bidiyon wasa a gefe guda, in riƙa kallon safar mai cafke kafin jifa da kuma nisan da take tafiya kafin ta kama, in ƙirga da hannu. Zango uku na irin wannan kallo sun fi koya mini game da saitin yaro fiye da duk ginshiƙan fayil ɗin. A bidiyo ne kuma ake ganin ko yana maimaita takunsa iri ɗaya, ko yana rage saurin hannu idan zai yi jifan yaudara, abin da manyan masu bugu suke ganewa nan take.

Game da lafiyar hannu, babu wani shafi da zai yi alkawari, kuma ban ɗora wa Savant laifin wannan ba. Marubutan shafin nazarin besbol na Baseball Prospectus suna da wata tsohuwar magana da ake jingina wa Gary Huckabay, cewa babu wani abu wai shi mai jifa mai alamar gaba, ma'ana jijiyar gwiwar hannu ko kafaɗa tana iya kawo ƙarshen labarin a kowace rana. Brien Taylor, wanda New York Yankees ta ɗauka na farko a 1991, ya lalata kafaɗarsa a wani faɗa a ƙarshen 1993 bai kuma taɓa kaiwa babbar gasa ba. Stephen Strasburg ya kori mutum 14 a wasansa na farko a babbar gasa a watan Yuni na 2010, kafin kakar ta ƙare jijiyarsa ta tsinke, aka yi masa tiyatar da Dokta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, wadda jinyarta takan ci shekara guda zuwa shekara da rabi. A ɗaya gefen kuma ga Jacob deGrom, ɗan tsaro ne a jami'ar Stetson kafin ya koma jifa, an ɗauke shi a zagaye na tara a 2010, an yi masa wannan tiyata a farkon tafiyarsa, bai shiga babbar gasa ba sai 2014, ya kuma lashe kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa na shekara, a 2018 da 2019. Abin da shafin yake iya yi a nan shi ne gargaɗi: idan gudun yaro ya sauka da mil biyu a wasa biyu a jere, ko wurin sakin ƙwallonsa ya yi ƙasa da 'yan inci ba tare da an ji labarin sauya salo ba, akwai dalilin zuba ido. Jadawalin gudu wasa bayan wasa yana cikin abubuwan da na fi komawa gare su.

Shekaru ma sai mutum ya riƙe su a ransa, domin lambobin ba sa tuna masa. Ɗan shekara 19 da yake fafatawa daidai wa daida a Florida State League ya fi ɗan shekara 23 da ya gama jami'a yake karkashe yara a wannan mataki, ko da lissafin na biyun ya fi kyau. Masu zaƙulo 'yan wasa suna da ma'auninsu na 20 zuwa 80, wanda ake danganta asalinsa ga Branch Rickey, inda 50 take nufin matsakaicin babbar gasa, 60 ta fi matsakaici, 80 kuwa sai ɗaiɗaiku a zamani guda, kuma sukan ba kowane jifa maki biyu, na yanzu da na gaba. Makin na gaba ya ƙunshi abubuwan da kyamara ba ta aunawa, kamar ko siririn jikin nan zai cika ya ƙara mil biyu, ko yaron yana karɓar gyara. Savant yana taimakawa ƙwarai wajen tantance makin yanzu, har ma yakan ƙaryata rahoton da ya tsufa, domin na sha ganin rahoto yana kiran jifan wani matsakaici alhali bayanan makon jiya suna nuna ya sauya riƙo. Makin gaba kuwa sai a nemo shi a rahotannin FanGraphs ko Baseball America ko MLB Pipeline, waɗanda marubutansu suke zuwa fili suna kuma magana da mutanen kulob.

A kan waya, sashen binciken yana da wuyar sarrafawa saboda yawan akwatunansa, kuma duk wanda zai yi aiki na gaske gara ya zauna gaban kwamfuta da manhajar lissafi. Shafukan 'yan wasan babbar gasa suna da ado da jadawali masu launi da suke kwatanta mutum da tsaransa nan take, na ƙananan gasanni kuwa mutum ne zai gina kwatancensa da kansa, ya fara nemo matsakaicin matakin kafin ya san ko inci 17 abin yabo ne a can. Wanda yake son a ba shi lamba guda ya tafi ba zai ji daɗin wannan ba. Ga mai haƙurin zama da fayil, mai bin kulob da ke da reshe a Florida ko mai jiran ganin wanda za a ɗauko daga Triple-A a watan gobe, ina ba da shawarar shafin ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya haɗa shi da bidiyo da kuma rahoton wanda ya je fili. Mai bin yaron da yake Double-A a bana kuwa ba zai sami komai a nan ba tukuna, sai dai ya koma bayanan yaron na Florida idan ya bi ta can, ya ajiye su a gefe, ya jira ranar da za a ɗaga shi zuwa Triple-A ya kwatanta.